Jinin Al'ada: Abin Da Rabon Audugar Mata Bai Isa Ya Warware Ba

Yawancin 'yan mata sukan fara ganin jinin al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15, ya kuma ɗauke wajen shekara 45 zuwa 55. A tsakanin nan mace takan yi shi sau ɗaruruwa, kuma in aka tara kwanakin wuri guda, ga wadda ba ta yi haihuwa da yawa ba, sukan kai shekara shida ko fiye. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.8 ne ke yin al'ada kowane wata a duniya. Abin da ke da irin wannan yawa, kuma aka san lokacin zuwansa, ya kamata a ce an fi yi masa tanadi fiye da komai. Sai dai ka shiga makaranta, ko tashar mota, ko masana'anta, ko gidan yari, ko sansanin 'yan gudun hijira, ka duba yadda aka tsara banɗakinsu. Sau da yawa za ka rantse wanda ya zana ginin bai taɓa jin labarin haila ba.

Wannan giɓin ne masu fafutuka suke nufi idan suna maganar adalci a sha'anin al'ada. Buƙatar ba ta da wuyar faɗa: kada jinin da jiki ke fitarwa bisa tsarin halitta ya zama dalilin da yarinya za ta rasa darasi, ko mace ta rasa kuɗin aikin yini, ko a wulaƙanta ta. Kafin hakan ta tabbata sai mace ta samu abin tare jinin, ta samu ruwa da sabulu da wuri mai ƙofa inda za ta canza, ta samu inda za ta jefar da wanda ta cire, ta san abin da ke faruwa a jikinta, in kuma akwai ciwo a saurare ta. Na farkon ya haɗiye kusan dukkan hankalin duniya, don shi ne mai sauƙin ƙirgawa da ɗauka a hoto. Ana iya cewa an raba fakiti dubu kaza a taro guda, a tafa, a watse. Sauran kuwa suna buƙatar famfo, da kasafin kuɗi na shekara-shekara, da malami mai iya buɗe baki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke kyau a allon talla.

A fara da haraji, tunda nan ne aka fi samun nasarar da ake iya nunawa. Kenya ta cire harajin VAT daga kan audugar mata a 2004, kuma ita ake yawan ambata a matsayin ƙasar da ta fara. Kanada ta bi a 2015, Indiya ta soke nata na kashi 12 cikin ɗari a 2018, Ostireliya da Afirka ta Kudu da Ruwanda suka yi a 2019, Jamus ta rage daga kashi 19 zuwa 7 a farkon 2020, Birtaniya kuma ta soke nata kashi 5 a ranar farko ta 2021, bayan ficewarta daga Tarayyar Turai, wadda dokokinta a lokacin ba su yarda a sauko ƙasa da haka ba. Hujjar masu neman sokewar mai ƙarfi ce. Ƙasashe da dama suna sauƙaƙa haraji kan abin da suka ɗauka larura ne, to ta yaya abin da rabin jama'a ba su da zaɓi a kansa zai fita daga jerin larura?

Amma soke haraji daban, saukar farashi a kanti daban. Wata cibiyar nazarin haraji a Birtaniya, Tax Policy Associates, ta bi farashin bayan sokewar, ta fitar da rahoto a 2022 cewa mafi yawan ragin ya tsaya ne a hannun masu sayarwa, bai isa ga mai saye ba. Akwai kuma wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Idan doka ta ce harajin kaya sifili ne, mai masana'anta zai iya karɓo harajin da ya biya a kan kayan haɗi. Idan kuwa cewa aka yi an fitar da kayan daga tsarin harajin gaba ɗaya, ba shi da hanyar karɓo wannan kuɗin, don haka sai ya ɗora shi a kan farashi. A haka sai mai shigo da kaya daga waje ya fi mai sarrafawa a gida samun sauƙi, kuma da irin wannan ƙorafin masu masana'antun Indiya suka tarbi matakin 2018. Bayan duk wannan, matar da ba ta da kuɗin saye tun asali, ragin kashi biyar ko goma bai canza mata komai ba. Da tsumma take amfani jiya, da shi za ta yi gobe.

Sukotland ta bi wata hanyar. A Nuwamban 2020 majalisarta ta amince, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, da ƙudirin da 'yar majalisa Monica Lennon ta gabatar, dokar kuma ta fara aiki a Agustan 2022. Ta wajabta wa ƙananan hukumomi da makarantu su samar da kayan al'ada kyauta ga duk mai buƙata. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne sharaɗin cewa a same su cikin sauƙi kuma cikin mutunci, ba sai mace ta tsaya gaban wani ta tabbatar masa ita matalauciya ce ba. An ɗauke su kamar sabulu da takardar banɗaki a wurin jama'a, waɗanda babu mai cike takarda kafin ya taɓa su. Kenya ma ta yi doka a 2017 da ta ɗora wa gwamnati raba auduga ga ɗalibai mata a makarantunta, sai dai an sha kokawa kan cewa kayan ba sa isa ko'ina, kuma ba sa zuwa a kan kari. Al'ada kuwa ba ta jiran a saki kuɗin zango.

Yanzu ga inda maganar ta fi sarƙaƙiya. Kusan duk wanda ya taɓa sauraron jawabi kan wannan batu ya ji an ce yarinya ɗaya cikin goma a Afirka tana fashin makaranta saboda al'ada. Ana jingina adadin ga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma masu bincike da 'yan jarida da suka bi sawunsa sun kasa gano ƙwaƙƙwaran binciken da ya samo asali daga gare shi. Da aka zo aka auna da gaske, sakamakon bai zo a miƙe ba. Masana tattalin arziki biyu, Emily Oster da Rebecca Thornton, sun bi wasu ɗalibai a Nepal, suka wallafa a 2011 cewa abin da al'ada ke ci wa yarinya bai kai rabin yini ba a shekarar karatu mai kwana 180, kuma ba su kofin al'ada bai canza zuwansu makaranta ba. Wani babban gwaji a makarantu 140 na yankin Kilifi a Kenya ya raba auduga, ya kuma koyar da lafiyar jiki. 'Yan matan sun ƙaru da sani da kwanciyar hankali game da jikinsu, amma rajistar aji ba ta nuna bambanci ba. Wani binciken a Uganda ya ga bambancin. Gaskiyar da za a iya tsayawa a kai ita ce abin ya danganta da wuri, kuma auduga ita kaɗai ba ta mayar da yarinya aji idan abin da ya hana ta zuwa ciwon mara ne, ko kuɗin makaranta, ko banɗakin da ba shi da ƙofa.

Wasu suna jin tsoron a faɗi wannan, kada masu ba da tallafi su janye. A ganina ɓoye shi ya fi haɗari. Duk wanda ya gina hujjarsa a kan adadin da ba zai jure bincike ba, ranar da adadin ya rushe hujjar ma ta tafi. Kuma me ya sa sai an nuna ribar jarrabawa kafin a yarda yarinya ta cancanci abin da za ta tare jini? Babu wanda ke neman a tabbatar masa cewa banɗakin maza yana ƙara maki a lissafi kafin a gina shi. Rajista ma ba ta ganin komai sai jiki a kan benci. Ba ta ganin yarinyar da ta zo amma ta ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kai ta wancan banɗakin, wadda ta san amsa amma ba za ta miƙe ta je allo ba don tana tsoron abin da ke bayan siket ɗinta, wadda take jira kowa ya fita kafin ta tashi. A takarda ta halarta.

Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2024 ya ba da hoton da ya fi kusa da tushen matsalar. Makarantu biyu cikin biyar ne kawai a duniya ke koyar da lafiyar al'ada. Waɗanda ke da kwandon jefa audugar da aka yi amfani da ita a banɗakin mata ba su kai ɗaya cikin uku ba. A Afirka kudu da Sahara, kusan makaranta ɗaya cikin takwas ce ake samun kayan al'ada a cikinta, ko kyauta ko na saye. Maganar kwandon tana iya zama kamar ƙarama, har sai mutum ya tambayi kansa ina audugar take zuwa in babu shi. Ko dai yarinya ta naɗe ta a jaka ta yini da ita, ko ta jefa a masai ta toshe shi, ko ta ƙi canzawa har ta koma gida. Kuma yawancin audugar zamani akwai leda a cikinta, ba ta ruɓewa da wuri, don haka duk shirin da ya raba miliyoyinta bai tanadi inda za su ƙare ba ya bar wa masu kwasar shara da masu yashe masai aiki.

Akwai kuma raini da ake yi wa ƙunzugu, kamar shi kansa alamar ci baya ne. Ƙyalle mai tsabta, mai shan ruwa, wanda aka wanke da sabulu aka shanya a rana ya bushe sarai, abu ne da likitoci ba su da ja a kansa, kuma audugar da ake wankewa a sake amfani da ita, wadda ake sayarwa yanzu da sunan ci gaba, ɗiyarsa ce. Illar tana shigowa ne ta wajen shanya. Macen da aka koya wa cewa abin kunya ne wani ya ga ƙyallenta ba za ta kai shi igiya ba. Za ta cusa shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa ko cikin wani kayan, ta ɗauko shi da danshi ta mayar jikinta. A nan ne ƙyamar da ke cikin kai take komawa ƙaiƙayi da kumburi a jiki. Haka kofin al'ada, ɗan mazubin roba mai laushi da ake sakawa ciki, wanda guda ɗaya kan yi shekaru. Wani gwaji a yammacin Kenya ya nuna ya rage wa ɗalibai wasu cututtukan gaba. Amma yana buƙatar ruwan wankewa, da wurin tafasa shi, da wadda za ta koya wa yarinya saka shi ba tare da tsoratarwa ba. Ko wane kaya aka ɗauko, sai an dawo kan ruwa da sirri da bakin da zai yi bayani.

To daga ina ƙyamar ta fito? Ba ta wata nahiya ba ce, ba kuma ta marasa karatu kaɗai ba. Pliny, masanin Rumawa na ƙarni na farko, ya rubuta cewa jinin haila yana lalata giya, yana busar da shuka, yana dusashe madubi, yana kashe ƙudan zuma. A 1920 wani likita a Biyana, babban birnin Ostiriya, mai suna Béla Schick, wanda sunansa ya shahara a binciken cutar mashaƙo, ya yi iƙirarin cewa akwai guba a jikin mai haila da ke sa fure ya yi yaushi, aka kuma shafe shekaru ana tattauna wannan a mujallun likitanci. Babu wannan gubar. Abin da ke faruwa shi ne kowane wata bangon cikin mahaifa yana kauri don tarbar ciki. In ciki bai shiga ba sai sinadarin da ke riƙe da shi ya sauka, shimfiɗar ta saki ta fita tare da jini. Jinin da ake rasawa a al'ada ta yau da kullum bai cika wuce cokali biyu zuwa uku ba. Ba dattin jiki ba ne da ya taru, ba kuma mugun jini ba ne da in bai fita ba zai hau kai.

Inda ƙyamar ta kai maƙura shi ne yammacin Nepal, inda ake fitar da mai haila daga gida ta kwana a bukka ko garken dabbobi. Kotun ƙolin ƙasar ta haramta hakan a 2005, majalisa ta mayar da shi laifi mai ɗaurin wata uku a 2017. Duk da haka a Janairun 2019 wata mata da 'ya'yanta maza biyu suka mutu a irin wannan bukkar a gundumar Bajura, hayaƙin wutar da suka hura saboda sanyi ya shaƙe su. Da hukumomi suka shiga rushe bukkokin, an ruwaito cewa wasu matan sun koma kwana a ƙarƙashin tamfol ko a fili, wanda ya fi bukkar haɗari. An rushe ginin, tsoron da ya gina shi yana nan: imanin cewa in ta kwana a ɗaki wani bala'i zai sauka a kan gida ko dabbobi. Kuma sau da yawa uwa ko uwar miji ce ke tsare wannan dokar, ba don mugunta ba, don ita ma abin da aka tsorata ta da shi ke nan. Wa zai kai ƙarar uwarsa wurin 'yan sanda?

A nan ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato hukuncin ibada da ƙyamar mutum. Addinai da dama suna da hukunce-hukunce kan haila. A Musulunci an ɗauke wa mai haila salla ba tare da ramuwa ba, ta sha azumi ta rama daga baya, an kuma hana saduwa har ta yi tsarki. Iyakar ke nan a zamantakewa. A cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya ce wa Nana A'isha ta miƙo masa tabarma daga masallaci, ta ce tana haila, ya ce: "Ai hailarki ba a hannunki take ba." Ta kuma ruwaito cewa takan sha ruwa tana haila ta miƙa masa, ya sa bakinsa a inda ta sa nata, kuma yakan jingina da cinyarta yana karatun Alƙur'ani. Ita ce ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Littattafan fiƙihu suna da babi guda kan haila, suna maganar launin jini da adadin kwanaki da bambancinsa da jinin ciwo dalla-dalla, malamai maza suna karantar da shi a bainar jama'a. Amma a gidaje da yawa yarinya takan tashi sahur ta yi kamar tana azumi, ta yini da yunwa a ranar da aka yi mata rangwame, don kada ƙaninta ya gane. Wannan ba daga littafi ya fito ba.

Shirun yana da farashi, kuma yara ne suka fi biya. Bincike a ƙasashe daban-daban ya sha nuna cewa 'yan mata da yawa suna ganin jinin farko ba tare da an taɓa gaya musu zai zo ba. Wata ta ɗauka ciwo ne mai kisa, wata ta ɗauka laifi ta yi, ta ɓoye. In an yi mata bayani ma, sau da yawa gargaɗi ne kawai: kin girma, ki kiyayi maza. Ba a gaya mata sau nawa za ta canza ba, ko wane irin ciwo ne na al'ada wane ne na asibiti. A Satumban 2019, a yankin Bomet na Kenya, wata ɗaliba 'yar shekara 14 ta kashe kanta bayan jini ya ɓata mata tufafi a aji. Mahaifiyarta ta shaida wa manema labarai cewa karon farko ke nan da ta ga al'ada, kuma an kira ta ƙazama a gaban 'yan ajinsu aka kore ta waje. A Fabrairun 2020, a garin Bhuj na jihar Gujarat a Indiya, aka tilasta wa ɗalibai 68 na wani ɗakin kwana su tuɓe don a tabbatar ba sa haila. A duka biyun manya ne suka yi, waɗanda aka ba amanar yaran.

Akan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai gaskiya a ciki ta fuskar tausayi. Amma in aka mayar da shi dalilin da namiji zai toshe kunne, an yi asara, domin a mafi yawan wurare maza ne ke riƙe da kuɗin cefane, su ne shugabannin makarantu, su ne injiniyoyin da ke zana banɗaki, su ne suka fi yawa a majalisun da ke raba kasafi. Uban da bai san 'yarsa na buƙatar wani abu kowane wata ba ba zai ware masa kuɗi ba, ita kuma ba za ta iya tambaya ba. A nan ne wasu ke faɗawa hannun wanda zai saya musu da sharaɗi, abin da masu bincike a yammacin Kenya suka ji daga bakin 'yan matan da kansu. Rashin sanin bai tsaya ga talaka ba. Lokacin da Sally Ride za ta tafi sararin samaniya a 1983, injiniyoyin hukumar NASA sun tambaye ta ko audugar cusawa, wato wadda ake sakawa ciki, guda 100 za ta ishe ta tafiyar mako guda. Kuma darasin da ake fitar da yara maza daga aji kafin a fara shi, su ma ya koya musu wani abu: cewa akwai wani sirri mai ban dariya game da 'yan mata.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne na asibiti, don a nan ne shirun ke cin shekarun mutum. Tunda an saba cewa al'ada ai da ciwo take, sai a kasa gane ciwon da ya wuce ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa, wato wajen miliyan 190, na fama da endometiriyosis, cutar da wani nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta, yana haddasa azaba mai tsanani, wani lokaci har da rashin haihuwa. Ko a ƙasashe masu arziki mace takan yi shekaru tana yawon asibiti kafin a gano ta, ana ce mata ta yi haƙuri, ko in ta yi aure ta haihu zai wuce. Haka zubar jini mai yawa, wanda ƙari a mahaifa ko matsalar daskarewar jini kan jawo. Kusan kashi 30 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 a duniya suna da ƙarancin jini, kuma al'ada mai yawa na cikin abin da ke jawo shi. Macen da ba ta taɓa jin yadda ta wata take ba, da me za ta gwada tata? Jinin da ya wuce kwana bakwai, ko yake jiƙe auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko yake fita da manyan gudaji, ko ciwon da ke kwantar da mutum ya hana shi aiki duk wata, duk dalilan ganin likita ne.

Ita kanta kimiyya ba ta tsira daga kawar da kai ba. An daɗe ana gwada ƙarfin shan audugar mata da ruwan gishiri. Sai a 2023 wasu masu bincike a jihar Oregon ta Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da jinin mutum, alhali da yawan audugar da mace ta jiƙa ne likitoci suke ƙiyasta ko jininta ya yi yawa. Manyan gwaje-gwajen rigakafin korona ba su sa tambaya kan al'ada a cikin abin da suke bibiya ba. Da mata suka fara cewa sun ga canji, babu amsa a hannu, jita-jita ta cike gurbin. Daga baya bincike ya nuna canjin ɗan kaɗan ne, bai kai kwana guda ba a matsakaici, kuma yana wucewa. Da an tambaya tun farko da an huta da tsoro mai yawa. Wannan na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2022 da a riƙa ɗaukar al'ada a matsayin batun lafiya da haƙƙin ɗan Adam, ba batun tsafta kawai ba.

Sai tambayar da ke raba kan masu goyon bayan gyaran su kansu: kawar da ƙyama yana nufin fito da komai fili? Wata mawaƙiya Ba'amurkiya, Kiran Gandhi, ta yi tseren gudun fanfalaki na Landan a 2015 tana al'ada ba tare da ta tare jininta ba. Sanata Gloria Orwoba ta shiga majalisar dattawan Kenya a Fabrairun 2023 da farin wando mai jan tabo, aka nemi ta fita. Irin wannan yana tayar da muhawara, kuma ba zan ce bai da amfani ba, tunda martanin da sanatar ta samu daga abokan aikinta ya nuna ainihin abin da ɗaliba ke tsoro a aji. Amma kuskure ne a mayar da shi ma'aunin wayewa. Mata da yawa ba sa son kowa ya san ranar da suke yi, kuma haƙƙinsu ne, kamar yadda mutum ba ya shelar sauran lamuran jikinsa. Wadda ta zaɓi ta yi shiru tana da sani, da kayan aiki, da wanda za ta gaya wa in ta so, ba ta da matsala. Mai matsalar ita ce wadda ba ta da zaɓin. Shirin da ya shigo wa mutane da raina kamun kansu yakan tarar an rufe masa ƙofa, yaran da ya zo domin su kuma su ne ke bayan ƙofar.

Hutun al'ada a wurin aiki ya nuna iyakar abin da doka ke iya yi ita kaɗai. Japan ta sa shi a dokar ƙwadagonta tun 1947, amma binciken ma'aikatar ƙwadagon ƙasar na 2020 ya nuna matan da suka nemi hutun ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Dole sai ka gaya wa shugabanka, wanda galibi namiji ne, kuma dokar ba ta tilasta a biya ranar ba. Zambiya tana ba mace kwana guda a wata ba tare da takardar likita ba. Sifaniya ta zama ta farko a Turai a 2023, gwamnati ce ke biya, amma sai da shaidar likita, kuma waɗanda suka karɓa a shekarar farko kaɗan ne. Masu suka, cikinsu har da mata 'yan ƙwadago, suna tsoron kada mai ɗaukar aiki ya riƙa lissafa kwanakin nan a zuciyarsa ya zaɓi namiji. Masu goyon baya suna cewa mai endometiriyosis ba za ta ci gaba da ƙarar da hutun rashin lafiyarta a kan abin da ke dawowa duk wata ba. Duka biyun suna da hujja. Sai dai muhawarar gaba ɗaya ta masu takardar ɗaukar aiki ce, alhali mafi yawan mata masu aiki a ƙasashe masu tasowa ba su da ita: suna gona, suna kasuwa, suna aikatau a gidajen mutane, ranar da ba su fita ba babu kuɗi. Su abin da zai canza musu yini shi ne banɗaki mai ruwa da sakata kusa da inda suke aiki, da maganin ciwon mara da za su iya saye.